Wata Biyar Ina Gulmar Malam Sabo a Cikin Na'urarsa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a zauren Malam Sabo, can Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya, ranar da na miƙa wa dattawa takardar tonon asirina da hannuna, ina murmushi, har da ɗan rusunawa. Shekaru sun ja, furfura ta fito, yau ni ma Malam ake ce mini, amma in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Na gama difloma a fannin kwamfuta, na dawo gida da takarda ɗaya da ƙaton kai. In za a faɗi gaskiya, a shekara biyun nan sau nawa ma na taɓa kwamfuta? A allo muka koye ta, da alli. Mu rubuta shiri a takarda, malami ya bi da jan biro. Amma a unguwa ba wanda ya san haka. In na ratso lungu riƙe da jaka, samarin da ke ɗinkin hula a gindin katanga sai su ce ga mai kwamfuta nan, ni kuma in ɗaga musu hannu ɗaya ina sauri, wai na makara. (Babu inda za ni. Teburin mai shayi ne.)

Babanmu, Malam Iro, maɗinkin manyan riguna ne. Mutum ne da zai yi wata huɗu a kan riga ɗaya bai gaji ba, amma ba ya iya zama minti biyar yana kallon ƙato ba ya komai. Da ya ga na shekara ina zagaya gari da jakar da babu komai a ciki sai biro, sai wata rana bayan la'asar ya ce in sa takalmi in biyo shi. Haka ya tasa ni a gaba har zauren Malam Sabo.

Shi Malam Sabo ɗan cikin gari ne da ya je ƙasar waje ya yi karatu, ya dawo da kwamfuta guda da akwati cike da faifai. An ba shi gida a wajen gari, inda yake koyarwa, ya ce shi dai gidan gado. Ya shafe zaure na biyu da siminti, ya sa fanka da labule, ya ajiye na'urarsa a kan teburi. A iya sanina a lokacin, ita kaɗai ce a cikin ganuwa. Dogo ne, siriri, ba ya son magana. Baba ya yi dogon bayani a kaina, rabi roƙo rabi ƙara, shi kuwa yana sauraro yana kallon yatsuna. Da Baba ya gama sai ya ce za a yi gwaji na wata shida. In ya ga hannuna, in zauna mu yi aiki tare. In bai gani ba, zai mayar wa Malam Iro da ɗansa, ba faɗa ba gaba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni sakat. A cikin gari, a ce mahaifinka ya kai ka da ƙafarsa sannan a dawo masa da kai, ai labarin zai riga ka isa gida. Ni da ake ce wa mai kwamfuta. Kuma Baba bai taɓa roƙon kowa komai ba sai a kaina.

Aikin da ke gaban Malam a lokacin na Alhaji Ɗalhatu ne, wani dattijon malami a Ƙofar Galadima. Gidansu gidan karatu ne tun kaka da kakanni, suna da littattafan rubutun hannu cike da adaka da gafaka, wasu gara ta fara ci, wasu an ara ba a dawo da su ba. Yana son a yi masa shirin da zai riƙe sunan kowane littafi, da wanda ya kwafe shi, da adakar da yake ciki, da wanda ya ara. Babban fayil ɗin shirin sunansa kundi.c, kuma mu biyu za mu riƙa sa masa hannu. Ni da safe, lokacin Malam yana makaranta. Shi kuma bayan la'asar, lokacin na tashi. Sai mu yi kwana huɗu ba mu haɗu ba, in ma mun haɗu, a bakin ƙofa ne, gaisuwa ce kawai.

Saboda haka ranar farko bai koya mini komai ba sai yadda mutum biyu za su yi aiki a fayil ɗaya ba tare da ɗaya ya taka na ɗaya ba. Ya ce sunan abin RCS, kuma umarni biyar ne za su ishe ni. In zan fara aiki, in buga co -l kundi.c, na'ura za ta fito mini da fayil ɗin ta kulle shi da sunana, ba mai taɓawa sai na mayar. In ina son ganin abin da na canza tun da na ɗauko, in buga rcsdiff, za ta jero mini layin da na cire da wanda na ƙara. In na gama, in buga ci -u, ta karɓa ta ajiye, ta ba shi sabuwar lamba, daga 1.1 zuwa 1.2, haka har gaba. In kuma na yi ɓarna, in buga co -r da lambar da nake so, za ta dawo mini da fayil ɗin yadda yake a ranar.

Huɗun nan na rubuta su a bayan kwalin sukari. Ana cikin haka sai shaiɗan ya raɗa mini cewa yawan rubutu alamar jahilci ce, mai difloma ba ya rubuta komai. Na ajiye biro, na harɗe hannu. Malam ya faɗi kalma ta biyar da sauri, ko sunanta ban kama ba, ya juyo ya ce, "Wannan kuwa ka san ta ai, Injiniya?"

Na ce, "Sosai, Malam. Mun yi ta a makaranta."

Ya dube ni kaɗan, ya ce to madalla. (Injiniya shi ne sunan da ya sa mini, da shi ma ya buɗe mini ƙofa a na'urar. A lokacin na ɗauka girmamawa ce.)

Allah ya sani na so safiyoyin nan. In na buɗe zaure sanyin siminti ya bugi ƙafata, in kunna na'ura ta yi ta gurnani kafin koren rubutu ya bayyana. Daga cikin gida ana jin daka, daga titi ana jin masu itace sun shigo daga ƙauye da jakuna. In masu wuta sun ɗauke, sai in zauna in yi ta rubutu a takarda ina jiran fanka ta motsa. Wajen azahar Hajiya, matar Malam, za ta turo mini kwano ta ƙarƙashin labule, yawanci fate, wani lokaci dambu. A zauren nan na fara sanin mene ne kwamfuta. Ranar da na fara lalata kundi.c gaba ɗaya, gumi ya jiƙa mini riga, na buga co -r, na ga aikin jiya ya dawo lafiyarsa ƙalau, sai da na tashi na zagaya teburin sau biyu don murna.

To ga inda tsautsayin yake. Duk lokacin da ka buga ci, kafin na'ura ta karɓi fayil sai ta ce ka rubuta bayanin abin da ka canza, ka rufe da ɗigo ɗaya a layinsa. Da farko na riƙa rubutawa da ladabi: an gyara neman littafi da sunan marubuci, an ƙara wurin lambar adaka. Amma sai na fara tambayar kaina, wai bayanin nan ina yake zuwa? Da ka buga ɗigon, shi ke nan. Na yi bincike irin na masana. Na dawo da tsofaffin lambobi uku da co -r, na karanta su daga sama har ƙasa, ban ga bayanina ko ɗaya ba. Akwai wani ɗan ɗaki a na'urar mai suna RCS da Malam ya ce kada in kuskura in shiga, ni kuma ban shiga ba. Sai na yanke hukunci cewa abin al'ada ce kawai, irin rajistar maigadi a bakin ofis, inda ake rubuta dalilin ziyara kuma ba mahalukin da ke karantawa.

Daga nan na samu abokin hira.

Ka tuna ni kaɗai nake wuni, ga tsoron kora, ga Malam da ba ya cewa ka yi daidai ko ba ka yi ba. Sai na mayar da wurin bayanin nan rijiyar da nake zuba damuwata. Da farko ƙananan abubuwa ne, irin su an gyara abin da aka gyara jiya. Da na ga ba abin da ya faru, sai na saki jiki. Ranar da kasala ta kama ni na rubuta cewa ban taɓa komai ba, fili ɗaya kawai na ƙara tsakanin kalmomi don lamba ta hau, Malam ya ga ana aiki. Ranar da na tarar an canza wani wuri da nake alfahari da shi, na rubuta cewa Malam ya sake ɓata abin da na gyara, ashe karatun waje ba shi ne iyawa ba. Har abincin da ake ba ni kyauta ban bari ba. Na yi sharhi a kan faten Hajiya kamar ni na kawo tsakin. Wasu ranakun kuma ba gulma ba ce, tsoro ne tsagwaronsa. Na tuna na taɓa rubuta cewa in mutumin nan ya kore ni, ban san da wane ido zan kalli Baba ba.

Kullum da safe nakan ga lamba ta ƙaru da ɗaya, alamar Malam ya yi nasa aikin da yamma. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa shi ma na'urar tana tambayarsa bayani ba.

Haka muka yi wata biyar da rabi. Shirin ya kammala, saura mako biyu gwajina ya cika, Malam kuwa bai ce uffan ba. Na rame. Baba ya daina tambayata yaya aiki, sai dai ya bi ni da kallo in zan fita. Sai Malam ya aika wa Alhaji Ɗalhatu cewa ya zo ranar Asabar da hantsi ya ga abinsa, ya kuma ce a gayyato Baba. Na ce a raina, to yau ce ranar. In na burge dattawan nan, ko Malam ba ya so dole ya riƙe ni.

Na yi sammako, na saka rigar da Baba ya ɗinka mini ta sallah, na gyara wani ɗan kuskure a allon farko, na buga ci -u, na yi wa abokin hirata 'yar magana kamar kullum, na buga ɗigo. Can sai ga su. Alhaji da sandarsa, da ɗansa Dakta Nasiru wanda ke aikin kwamfuta a Kaduna, da Baba, da maƙwabta biyu da suka ga taro suka shigo. Aka shimfiɗa tabarmi. Malam ya ce ni zan nuna.

Kuma na nuna, ba yabon kai ba. Alhaji ya faɗi sunan wani littafin fiƙihu da kakansa ya kwafa, na buga, na'ura ta ce yana adaka ta uku. Ya faɗi wani, ta ce an are shi, ta faɗi wanda ya ara. Alhaji ya yi salati, ya ce shekara goma yana neman littafin nan. Na saci kallon Baba, na ga ya gyara zama, yana shafa gemu. Daidai nan aka yi sallama daga cikin gida, Malam ya nemi izini ya shiga don ya ga abin da aka shirya wa baƙi.

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce su a wajensu ba a yarda da littafi sai an san wa ya kwafa, daga wa ya kwafa, kuma yaushe. To wannan abu da aka ce mutum biyu suka rubuta, ta ina za a gane hannun wane da na wane? Kafin in buɗe baki Dakta ya ce ai akwai hanya, ya ga RCS muke amfani da shi, kowane canji yana nan da sunan mai shi da ranarsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, buga mana rlog mana, Baba ya gani."

Ban taɓa jin kalmar ba. Wato na taɓa ji, sau ɗaya, hannuna a harɗe. Amma mai difloma ba ya cewa bai sani ba a gaban mahaifinsa. Sai na yi dabara, na ce ai salon bugunta da yawa, wanne yake so? Ya ce a'a, mai sauƙin, rlog kundi.c, in tura wa firinta don dattawa su riƙe a hannu. Har ya faɗa mini harafi-harafi. Na buga rlog kundi.c | lpr, na danna da ƙarfi irin na gwanaye. Da yake firinta na tura wa, allo bai nuna komai ba.

Firintar nan mai allura ce, in tana aiki har a titi ana ji. Ta yi ta kuka, takarda na fita tana naɗewa a ƙasa, ni ina tsaye a gefenta ina taƙama da tsawonta. Ɗaya daga maƙwabtan ya ce lallai yaran nan sun yi aiki. Da ta tsaya na yage, na ninke da kyau, ban ko kalla ba, na rusuna na miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Ya ce shi boko sai da tabarau, kuma ya baro su a gida, Nasiru ya karanta a ji.

Abin da ban sani ba, rlog daga na ƙarshe take farawa. Dakta ya gyara murya, ya karanta lamba, ya karanta ranar, wato yau, ya ce mai hannu injiniya, sannan ya karanta:

"Yau za a nuna wa Alhaji aiki. Allah ya sa kada tsohon nan ya riƙe mu da tarihin kakanninsa har..."

Ya tsaya. Na san muryar nan. Tawa ce, ta ɗazu da safe, tana fitowa daga bakin wani.

Alhaji ya ce, "Har ina?"

Dakta ya ce a hankali, "Har la'asar, Baba."

Alhaji ya tambaya, ba tare da fushi ba, ko tsohon nan shi ne. Dakta ya fara ninke takardar, amma Alhaji ya ɗaga sanda ya ce a ci gaba, shi bai saba barin karatu a tsakiya ba. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba, kuma wannan ya fi komai ciwo.

Dakta ya ci gaba. Na gaba, ya ce, mai hannu sabo. Na ɗan saki numfashi, na ce ko ba komai wannan na Malam ne, bayanin aiki ne. Sai na ji ya karanta: "An gyara jerin masu aro. Injiniya, gobe ka sa riga mai kyau, mahaifinka zai zo. Kuma ka rage rawar kai."

Kaina ya ɗaure. Da wa Malam yake magana? Da ni? A ina?

Da yake daga ƙarshe ake komawa baya, sai abin ya zama amsa tana riga laifi zuwa. Dakta ya tsallake shafi don ya cece ni, ya faɗa kan wanda ya fi. Mai hannu sabo: "An gaya wa Hajiya. Ta ce za a rage yakuwa, kuma tana gaishe ka." Kowa ya kasa kunne yana jiran jin dalili. Na ƙasa da shi, mai hannu injiniya: "Faten yau yakuwa ta fi tsaki yawa. Kamar an wanke tukunya an kawo mini ruwan."

Ɗaya maƙwabcin ya kasa riƙewa, dariya ta kufce masa ta hanci. Daga bayan labule kuma sai muka ji dariyar mace, irin wadda aka daɗe ana ajiyewa. Hajiya ce. Sai a lokacin na tuna cewa lallai wata uku da suka wuce fate ya gyaru, ni kuma na ɗauka yakuwa ce ta yi tsada a kasuwa.

Ana haka Malam ya shigo da faranti. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya fahimci komai. Ya ajiye farantin, ya miƙa hannu ya ce, "Dakta, a bari haka nan. Sauran maganar cikin gida ce." Ya karɓa ya tura ƙarƙashin teburi, ya ce bismillah, a ci abinci. Fate ne. An zuba mini, na riƙe cokali, na yi ta juya shi a kwano.

Alhaji Ɗalhatu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ramuwa cikin nutsuwa. Da aka gama cin abinci ya gyara zama, ya ce tunda an taɓo maganar kakanni, bari ya ɗan ba da tarihinsu. Ya faro daga wanda ya fara shigowa Zariya da gafaka a kafaɗa. Aka yi azahar aka dawo ya ɗora. Duk bayan kaka ɗaya sai ya juyo ya ce, "Injiniya, ko ka gaji?" In ce a'a, ranka ya daɗe. Bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

A hanyar gida Baba yana gaba ina baya. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, in samu sauƙi. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, bai juyo ba, ya ce shi ko riga ya ɗinka ya san mai saye zai juya bayanta ya duba. Ya shige. Na san an gama, saura kawai a kawo masa ɗansa.

Washegari na ɗauki makullin zaure don in mayar da kaina, kada in bari sai an aiko. Na tarar da Malam a zaune, karo na farko da na gan shi a wurin da safe. Na tsuguna, na ajiye makullin a gabansa, na fara ba da haƙuri, maganar tana sarƙewa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce gulmar ba ta dame shi ba, wata ma gaskiya ce, faten ranar shi ma bai iya ci ba.

"Abin da ya ƙona mini rai," in ji shi, "wata biyar kullum ina yi maka magana, ko sau ɗaya ba ka waiwayo ba. Na ce bari in ga ranar da za ka gaji da cewa ka sani."

Ya tashi ya ba ni kujera. Ya ce in buga rlog da hannuna, in karanta daga ƙasa zuwa sama, kada in tsallake ko ɗaya. Ya shiga gida ya bar ni.

Na karanta. Mutumin da nake cewa ba ya magana, ashe babu yammar da bai yi mini magana ba. Inda na ce fili ɗaya na ƙara don lamba ta hau, ya amsa cewa ya ga filin, ya yi kyau, gobe a gwada ƙara aiki. Inda na ce ya ɓata mini gyara, ya ce ba shi ba ne, in buga rcsdiff da lambobin nan biyu in gani. Na buga a take. Hannuna ne, ni na ɓata abina, shi gyarawa ya yi. Wurare da yawa darasi ne sosai, yana nuna mini inda shirin zai karye in sunan littafi ya yi tsawo, da yadda ake kauce wa hakan, abubuwan da na yi ta wahalar ganowa ni kaɗai alhali an ajiye mini su. Inda na ce ban san da wane ido zan kalli Baba ba, ya rubuta layi ɗaya, cewa in kwantar da hankalina, shi ma da tsoron nan ya fara.

Sai na iso ƙarshen wata na uku. Mai hannu sabo:

"Na ga hannunka. Gwaji ya ƙare daga yau, ka zauna. Ranar da ka karanta wannan ka shigo ka same ni, sai mu je tare mu gaya wa Malam Iro."

Na karanta sau uku. Sannan idona ya hau kan na samansa, wanda na rubuta washegari da safe, da yatsun nan nawa: "Wata uku cur, ko sannu da aiki. Mutumin nan dutsen Kufena ya fi shi magana."

Ban san lokacin da hawaye ya zo ba, kuma ina kuka ina dariya, ni kaɗai a zaure, kamar taɓaɓɓe. Da na natsu na je bakin labule na yi sallama. Malam ya fito. Na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko maganar nan tana nan bayan abin da ya faru jiya. Ya ce, "An goge ta ne?" Na ce a'a. Ya ce to in ɗauki makullina. Na yi ƙarfin hali na ƙara tambaya, wai ko akwai umarnin da ake gyara tsohon bayani da shi. Ya ce akwai, amma ba zai koya mini ba.

Da yamma muka je wajen Baba tare. Yana kan ɗinki bai ɗago ba, har Malam ya gama magana. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da ɗinkinsa. Amma na ga ya yi ta neman kafar allura bai samu ba.

Shekara bakwai na yi a zauren nan. Daga baya muka bar RCS muka koma magajinsa, CVS, muka koyi update da commit, yau kuma git muke bugawa, yara suna ta surutu a kansa kamar su suka ƙirƙiro ajiye tarihi. Malam Sabo ya riga mu gidan gaskiya, Baba ma haka, zauren kuwa an mayar da shi shagon cajin waya. In na bi ta Ƙofar Kuyambana nakan rage tafiya in leƙa, ina kewar gurnanin na'urar nan da shirun mai ita.

Darasin da na ɗauka ba wai a daina gulma ba ne, wannan kam har yau ina fama. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce mutum ya yi maka shiru, ka tabbata ka san inda yake ajiye maganarsa. Ni dai wata biyu da rabi na yi ina ramewa a kan neman aikin da aka riga aka ba ni.